Raba Tukunya Saboda Alkama

Ƙarfe bakwai saura na safe, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, an ajiye fulas ɗin shayi da burodi mai yanka-yanka. Yara huɗu sun kewaye, kowa da kofinsa, ana ta sauri kada a makara. Ta biyar ɗin, 'yar shekara bakwai, tana gefe kaɗan da kwanonta mai murfi. Kunun gero ne da ƙosan da uwarta ta soya tun da asuba, a ɗan kaskon da ba a soya abin kowa a ciki sai nata. Ƙaninta ya miƙo mata ɓallin burodi, yayarsu ta buge masa hannu tun kafin uwar ta juyo.

Haka safiya ke kasancewa a irin gidan da likita ya tabbatar wani daga cikinsu yana da cutar siliyak, lalurar da ke sa jiki ya ɗauki wani sinadari na cikin alkama a matsayin abokin gaba. Ba ta da allura, ba ta da ƙwaya, ba a yi mata tiyata. Magani ɗaya likitoci suka sani zuwa yau, shi ne mai ita ya rabu da alkama da danginta har ƙarshen rayuwarsa.

Faɗar wannan a ɗakin likita ba ya cin minti biyu. Aiwatar da shi a gidan da ake karyawa da burodi, a ci taliya da rana, a kwana da tuwon semo, nan gizo ke saƙar. Masana sun ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin ɗari a duniya na ɗauke da cutar, kuma mafi yawansu ba su ma san suna da ita ba.

Abin da alkama ke yi wa hanji

Sinadarin sunansa gulutin. Wani nau'in furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai. Shi ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo ya riƙa jawuwa, shi kuma ke riƙe iskar yis har burodi ya tashi. Duk macen da ta taɓa murza taliya ko ta buga kwaɓin funkaso ta san shi a hannu, ko da ba ta taɓa jin sunansa ba.

Yawancin mutane suna ci lafiya lau. Ga mai siliyak kuwa, da zarar gulutin ya isa ƙaramin hanji sai garkuwar jiki ta tashi da faɗa, kuma bangon hanjin ne ke shan dukan. Cikin ƙaramin hanji cike yake da miliyoyin 'yan tsirai masu kama da gashin sabon tawul, su ke tsotse amfanin abinci su tura shi cikin jini. Cutar na cinye su a hankali har wurin ya koma tamkar tsohon tawul da ya suɗe ya daina shan ruwa. Sai mutum ya ci ya ƙoshi, amma abincin ya bi ta cikinsa ya wuce.

A jikin ƙananan yara abin ya fi fitowa fili, galibi bayan an fara ba su abinci ko an yaye su. Zawo mai yawa, fari-fari, mai maiƙo da mugun wari. Ciki ya yi tulele, cinyoyi da ɗuwawu su zube. Yaro ya ƙi abinci, ya yi ta rigima, ƙannensa su kamo shi a tsayi. A jikin manya kuwa cutar na iya ɓoyewa a bayan ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani, ko kasala, ko gyambon baki, ko raunin ƙashi, ko yawan ɓari, ko wasu ƙuraje masu azabar ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa. Wasu ma cushewar ciki suke fama da ita maimakon zawo, wasu kuma ba sa jin komai alhali hanjin na lalacewa.

Ba a ɗaukarta daga wani. Tana da tushe a jinin gado, ta wasu ƙwayoyin halitta biyu da ake kira DQ2 da DQ8. A ƙasashe da dama mutum uku ko huɗu cikin goma na ɗauke da ɗaya daga cikinsu, amma 'yan ƙalilan ne cutar ke tasar wa, kuma tana iya tashi a shekara biyu da haihuwa ko a shekara sittin.

Yunwar da ta tona asiri

An daɗe da sanin cutar kafin a san mai haddasa ta. Wani likitan Girka mai suna Aretaeus ya siffanta ta kusan shekara dubu biyu da suka wuce. A 1888 likitan yara Samuel Gee na birnin Landan ya yi mata bayani dalla-dalla, har ya hango cewa in akwai waraka to ta hanyar abinci za ta zo. Sai dai cikin abin da ya yarje wa marasa lafiyarsa har da gasasshen burodi da aka yanka siriri.

A 1924 wani likita a New York, Sidney Haas, ya fito da tsarin ciyar da yaran da ayaba, da yawan gaske kullum. Yara suka riƙa murmurewa, aka yi ta yabon ayaba. Ashe sirrin yana ga burodin da tsarin ya hana. Da yawa daga cikinsu an sallame su a kan sun warke, suka koma cin alkama, cutar ta ci gaba da aikinta a ɓoye.

Wanda ya kama ɓarawon shi ne Willem Dicke, likitan yara ɗan ƙasar Holan, wanda tun shekarun 1930 yake zargin alkama. A hunturun 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, yunwa ta auka wa yammacin Holan, burodi ya ɓace. Mutane na ta ramewa, amma yaran da ke kwance da siliyak sai suka fara samun sauƙi. Da burodin agaji ya iso, ciwonsu ya dawo. A 1950 Dicke ya gabatar da kundin bincikensa, daga baya shi da abokan aikinsa suka nuna cewa gulutin ne ainihin mai laifin.

Ba ta Turawa kaɗai ba ce

Shekaru da dama an ɗauka cutar ta mutanen Turai ce da zuriyarsu. Abin da ya rushe wannan zato daga Afirka ya fito. A 1999 wani ayarin likitoci ƙarƙashin Carlo Catassi na Italiya ya wallafa sakamakon gwajin yara kusan dubu na al'ummar Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara da ke zaune a sansanonin gudun hijira kusa da Tinduf a Aljeriya tun tsakiyar shekarun 1970. Sama da kashi 5 cikin ɗari aka samu da alamar cutar a jininsu, wato kusan yaro ɗaya cikin goma sha takwas, adadin da ba a taɓa gani a ko'ina ba.

Kakannin waɗannan yara makiyaya ne masu rayuwa da nonon raƙumi da nama da dabino da ɗan hatsi kaɗan. Jikokin kuwa sun tashi a kan buhunan fulawar agaji, burodi safe da dare. Ƙwayar gadon tana nan tun da can, abincin ne ya sauya. Kafin wannan bincike, yaran da ke fama da zawo da rama a sansanonin ana lissafa su cikin masu tamowa ne kawai.

A Sudan likitocin yara sun ba da rahoton cutar tun ƙarshen shekarun 1970. A yankin Punjab na arewacin Indiya an daɗe ana kiranta zawon bazara, domin da sanyi masara ake ci, sai zafi ya shigo a koma wa alkama.

A Afirka ta Yamma binciken da aka yi kaɗan ne, kuma ƙwayar gadon ba ta kai yawan ta Arewacin Afirka ba, don haka babu dalilin tayar wa jama'a hankali. Abin da ba ya buƙatar bincike shi ne sauyin da ya shigo kwanon Bahaushe. An daɗe ana noman alkama a fadamun ƙasar Hausa da Barno, amma a da abincin gata ce: alkaki a gara, funkaso ranar sallah, gurasa a birnin Kano. Yau Najeriya na shigo da tan miliyan huɗu zuwa biyar ko fiye na alkama duk shekara, abin da ake nomawa a gida kuwa bai taka kara ya karya ba. Gwamnatin Babangida ta haramta shigo da ita a 1987, haramcin bai yi nisa ba aka janye. Yaron birni na yau zai iya cin alkama sau huɗu a rana: burodi, biskit a makaranta, Indomie da yamma, tuwon semo da dare.

Doguwar hanya kafin a gano

Kusan kowane gida da ya kai ga jin sunan cutar ya sha yawo kafin nan. Yaro ya fara zawo, a ce haƙori ne. Ya ci gaba, a ba shi maganin tsutsar ciki. A je kemis a ce taifot, a koma wajen mai magani a ce basir ko shawara. Babba kuma a yi ta ɗora shi a kan maganin olsa da na ƙarin jini. Ko a Birtaniya, inda asibiti ke kusa da kowa, ƙungiyar masu cutar ta Coeliac UK ta ce manya kan shafe sama da shekara goma suna fama kafin a gano.

Likita a ƙasashenmu yana da uzuri. Zawo da rama a jikin yaro sun fi zuwa daga gurɓataccen ruwa da ƙarancin abinci, kuma waɗannan ma suna suɗe bangon hanji. Amma yaron da ake ciyarwa da kyau, aka yi masa duk magungunan da aka saba, ya ƙi ƙiba ya ƙi tsawo, ya cancanci a tuna da siliyak.

Matakin farko gwajin jini ne mai suna tTG, wanda ba kowane ɗakin gwaji ke yinsa ba. In ya nuna alama, sai a zura na'ura mai kyamara ta baki a ɗan tsakuro naman hanji a duba, aikin da ake yi a manyan asibitoci. Likitocin yara na Turai sun yarda a tsallake wannan mataki ga yaron da sakamakon jininsa ya ninka iyaka sau goma, in gwaji na biyu ya gaskata shi.

Akwai kuskuren da iyaye masu karance-karance a waya kan yi. Da sun yi zargi sai su cire alkama da kansu, yaro ya ji sauƙi, sannan su tafi asibiti. A lokacin alamar ta kwanta, gwaji zai nuna babu komai. Dole sai an mayar da yaron kan alkama na makonni kafin a iya tabbatarwa, kuma ba ƙaramar zuciya uwa ke buƙata ba kafin ta miƙa wa ɗanta abin da ta ga yana wahalar da shi.

Makon farko a ɗakin girki

Aikin farko shi ne zazzage sito. Fulawa, semo, taliya, makaroni, kuskus, biskit, duk a ware. Sai jerin abubuwan marmari: fanke, cincin, dubulan, alkaki, gurasa, funkaso, sambusa, kek, shawarma. Uwa kan zauna ta duba ta ce to me ya rage?

Abin da ya rage ya fi abin da aka cire yawa, kuma nan ne gidan Bahaushe ya fi na Bature sa'a. Gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa da acca babu mai gulutin a cikinsu. Haka wake, gyaɗa, waken suya, doya, dankali, rogo, nama, kifi, ƙwai da kowane irin ganye. Wato tuwon dawa da miyar kuka, tuwon shinkafa da taushe, fura da nono, koko da ƙosai, alala, faten acca, dambun masara da zogale, kunun gyaɗa, awara, nakiya, duk na mai cutar ne. Iyalin Italiya da aka gano wa ɗansu cutar sai sun nemi madadin kusan duk abin da suka gada. Iyalin Kano ko Maraɗi komawa kawai za su yi ga abin da kaka ke tuƙawa.

Matsalar ita ce alkamar da ba a gani. Ɗanwaken asali garin wake ne da na rogo da kuka da kanwa, amma na zamani sau da yawa fulawa ce ta fi yawa a ciki. Masu waina da sinasir da dama na zuba ɗan fulawa ko semo a ƙullu don ya yi laushi. Mai suyar kifi a bakin titi kan barbaɗe shi da fulawa. Wasu na haɗa garin tuwon masara da semo don ya yi danƙo. Milo da Bournvita da lemon Maltina duk suna da malt, wanda galibi daga sha'ir ake yinsa. Talbina, da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci ana ba marasa lafiya don su ji ƙarfi, ita ma sha'ir ce. Dunƙulen ɗanɗano da garin kayan ƙamshi na leda kuwa sai an duba ɗaya bayan ɗaya, domin wasu na ɗauke da alkama, wasu babu.

Daga nan uwa ke zama mai karatun bayan kwali. Ta haddace sunayen alkama da sha'ir da malt da Turanci, ko da Faransanci in a Nijar take, ta tsaya a kanti tana ƙanƙance ido a kan ƙananan rubutu, mai shago na kallonta. Abin da ake awo a kwano ko a ƙulla a leda kuwa ba shi da rubutun da za a karanta.

Wani tarkon ya shafi masu ciwon suga. Yaran da ke da nau'in da ake yi wa allurar insulin sun fi sauran yara haɗarin siliyak nesa ba kusa ba, kusan ɗaya cikin ashirin. A gidajenmu kuwa da an ce wane yana da suga, tuwon alkama ake fara nemo masa.

Injin niƙa da kaskon suya

Ko an tsarkake sito, saura inji. A injin unguwa layi ake bi: wannan ta kawo alkamar tuwon maigida, ta bayanta ta kawo geron kunu. Garin farko da zai fito daga niƙan geron yana tafe da ragowar alkamar da ta maƙale a cikin injin. Ga kowa wannan ba komai ba ne. Ga mai siliyak ya isa ya hana hanji warkewa.

Alƙaluman na da ban mamaki. Wani bincike da aka wallafa a 2007 ya nuna miligiram 50 na gulutin a kullum, tsawon wata uku, ya isa ya taɓa hanjin mai cutar. Wannan bai wuce kashi ɗaya bisa arba'in na abin da ke cikin yankan burodi guda ba. Shi ya sa ƙa'idar duniya ta ce ba za a rubuta wa abinci cewa ba shi da gulutin ba sai abin da ke cikinsa bai haura miligiram 20 a kilo ɗaya ba.

Gidaje kan nemi mafita gwargwadon ƙarfinsu. Masu hali su sayi ƙaramin injin gida. Wasu su koma ga turmi da taɓarya. Wasu su shirya da mai inji a kai niƙa da sassafe bayan ya wanke, a zubar da garin farko, kodayake wannan rage haɗari ne kawai.

A cikin gida ma sai an raba kaya. Tukunyar ƙarfe da cokali in an wanke su da sabulu sun wadatar. Amma rariya, muciya, akushi da katakon yanka suna riƙe gari a ramukansu, gara a yi wa mai lalurar nasa daban, a ɗaura musu zare ko a ɗiga fenti. Man da aka soya fanke a ciki ba a soya masa ƙosai, domin zafin wuta ba ya kashe gulutin, ba ƙwayar cuta ba ce. Wuƙar da ta shafa bota a burodi ta koma cikin roba ta ɓata botar duka. Ranar da ake tankaɗen fulawa don cincin ɗin sallah, a rufe abincinsa tun da wuri, garin na tashi ya sauka ko'ina.

Sai kuma cin abinci a faranti ɗaya, wanda shi ne tarbiyyar gida. In tuwon dare na dawa ne, babu matsala, kowa ya sa hannu. In na semo ne, yaro ɗaya zai koma gefe. Saboda haka iyalai da dama kan ga ya fi sauƙi a mayar da abincin rana da na dare na kowa da kowa marar alkama, a bar burodi da taliya su zama na lokaci-lokaci. Wasu kuma na ganin ba adalci ba ne a hana yara huɗu saboda ɗaya. A gidan da ake raba girki tsakanin kishiyoyi, batun ya wuce na lafiya, sai maigida ya tsaya da kansa.

"Ɗan kaɗan ne fa"

Wannan ita ce jumlar da iyaye suka fi ji. Kaka ce ke faɗa, ta ɓoye biskit a bakin zane, tana ganin an takura wa jikarta. Gwaggo ce ke faɗa a gidan biki, da faranti a hannu. Ba mugunta ba ce. A al'adarmu ba da abinci ƙauna ce, ƙin karɓa kuma raini ne ko zargi. Uwar da ta ce kada a ba 'yarta abin maƙwabta za ta ji ana cewa ta cika iyayi, ko tana tsoron a sa wa 'yarta wani abu.

Abin da ke ƙara rikita dangi shi ne cutar ba ta nuna fushinta nan take a kowane lokaci. Wani yaron in ya ci zai yi amai da murɗar ciki cikin sa'o'i. Wani kuwa zai ci ya tashi ya tafi wasa, kaka ta ce kun gani ko? Ɓarnar tana ciki, sai gwajin jini ya tona. Iyaye da yawa sun gano cewa bayanin da aka ƙi karɓa daga bakin suruka ana karɓarsa daga bakin likita, don haka su kan ɗauki kakar a tafi asibiti tare.

Yaron kansa yana da nasa nauyin. Ana rabon kek a aji, shi yana kallo. Da azumi faranti ya cika da sambusa da fanke. Dabarar da ke aiki ita ce kada a bar shi hannu rabbana: a ajiye wa malama wani abin da za ta ba shi ranar rabo, a je biki da 'yar kula a jaka, a yi buɗa-baki da ƙosai da dankali da kunu yadda kowa zai ci abu ɗaya. Tun yana ƙarami a koya masa tambaya da bakinsa, "Inna, akwai fulawa a ciki?" Makarantar kwana kuwa sai da takardar likita da zama da hukumar makaranta, kuma wasu iyayen kan haƙura su bar shi a jeka-ka-dawo.

Aljihu

A Turai kayan da aka sarrafa musamman babu gulutin sun ninka na yau da kullum tsada sau da yawa. Italiya, ƙasar taliya, ta ɗauki abin da muhimmanci: gwamnati na ba duk wanda aka tabbatar wa cutar tallafin wata-wata na kusan yuro 100, gwargwadon shekaru da jinsi, wata doka ta 2005 ta wajabta wa makarantu da asibitocin gwamnati tanadar musu abinci, sannan a 2023 majalisa ta amince da shirin gwada yaran ƙasar baki ɗaya. A Ingila an taƙaita tallafin a 2018 zuwa burodi da garin haɗi kawai.

A manyan kantunan Abuja da Legas ana samun irin waɗannan kaya na waje, da farashin da zai sa mai albashi ya mayar da su inda ya ɗauko. Masana abinci ba sa ma ɗokinsu, domin yawancinsu sitaci ne da suga da mai. Kuɗin da za a sayi ƙullin taliyar waje ɗaya zai auno acca ko gero na kwanaki. Ainihin tsadar a nan ta lokaci ce da ƙarfi: surfe, wanki, shanya, niƙa, da tashin asuba, kuma kusan duka a wuyan uwa suke. Abin lura ɗaya, tun 2002 doka ta sa kamfanonin fulawa a Najeriya ƙara sinadaran gina jiki a garinsu. Wanda ya bar fulawa sai ya nemi madadin a wake, hanta, ƙwai, manja da ganye.

Masu yayi da masu lalura

Tun wajen 2010, lokacin da zakaran wasan tanis Novak Djokovic ya bar gulutin ya kuma shiga lashe kofuna, ƙaurace wa alkama ya zama yayi a duniya, har ya iso shafukan masu tallar rage ƙiba na gida. Ga masu siliyak abin ya zo da riba da hasara. Kaya sun yawaita a kasuwa, amma masu gidajen abinci sun saba da kwastoman da zai ce ba ya cin gulutin sannan ya rufe da kek, sai su daina ɗaukar maganar da gaske.

Likitoci na rarrabe abu uku. Akwai siliyak, akwai borin jini na alkama mai sa kumburi da sarƙewar numfashi nan take, akwai kuma masu jin ciki ya ɓaci in sun ci alkama alhali gwaji bai nuna ko ɗaya ba. Ga wanda ba ya cikin ukun nan, babu hujjar kimiyya cewa barin gulutin zai ƙara masa lafiya.

Bayan wata shida

Sakamakon kan zo da wuri ga yara. Cikin makonni zawo ya tsaya, cin abinci ya buɗe, rigima ta ragu. Cikin watanni kumatu su fito, sikeli ya fara motsi, wasu su yi tsawon da ya tsere musu. Hanjin yaro kan warke cikin shekara ɗaya ko biyu, na babba ya fi jinkiri. A farkon lokaci madara kan dami wasu, domin hanjin da ya suɗe ba ya narkar da ita sosai, amma yawanci wannan na wucewa. Likita zai ci gaba da auna jini lokaci-lokaci, ya kuma ba da maganin ƙarin jini ko na ƙashi in da buƙata.

Haɗarin yana dawowa ne daidai lokacin da lafiya ta samu. Dangi su ce ai ta warke, matashi ya fara cin shawarma da abokai a ɓoye. Cutar ba ta warkewa, kwanciya take yi. Masu neman magani na nan suna aiki: wani da aka sa wa rai mai suna larazotide an dakatar da gwajinsa na ƙarshe a 2022, wasu kuma na kan hanya, amma har yanzu babu wanda hukumomin magunguna suka amince da shi.

Akwai kuma sauran mutanen gida. Iyaye da 'yan'uwan mai cutar na jini, kusan ɗaya cikin goma na iya kasancewa da ita, shi ya sa ake shawartar a gwada su duka ko da ba sa jin komai. Ba sabon abu ba ne a je asibiti saboda yarinya, a dawo an gano cewa uwar da ta shekara da shekaru tana shan maganin ƙarin jini ita ma tana da ita. Yaron da gwajinsa ya fito babu komai kuwa, likitoci kan so a sake duba shi bayan 'yan shekaru, ko da zarar girmansa ya fara tsayawa.